Wane zamanin waƙa ne ya fi tasiri a ƙasar Hausa?

Garba_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare mun fi awa biyu muna gardama a majalisarmu, har mai shayi ya kashe wuta ba mu gama ba, shi ne na ce bari in kawo muku. Tun daga lokacin da aka fara naɗar waƙa a faifai zuwa yau, wane zamani ne ya fi tasiri a waƙar Hausa? Ba wanda ya fi daɗi nake tambaya ba. Ina nufin zamanin da ya canja yadda ake yin waƙa da yadda ake jin ta, har ya zama na bayansa ba su iya komawa yadda ake a da ba.

Ni a ganina zamanin fiyano ne, daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2007. Kafin nan in kana son zama mawaƙi, ko dai ka gada, ko ka bi wani ubangida shekara da shekaru kana amshi kana ɗaukar kaya. Da fiyanon Yamaha ya shigo situdiyoyin Kano, yaro ɗan sakandare da littafin rubutunsa zai shiga ɗaki ɗaya da safe, ya fito da waƙa a kaset da yamma. Ƙofar nan tun da ta buɗe ba ta sake rufuwa ba. Na san manya za su yi min ca, amma bismillah.

DanMusawa:
Wa alaikumus salam. Malam Garba, tunda ka ce tasiri, mu tsaya a kan tasirin. Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Shiga tashar mota a Funtuwa ko Gusau da safe ka ji abin da ke tashi a motocin direbobi. Wa ke sa waƙar fim ɗin 2001 yanzu? Mutumin nan ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba, ya yi wa soja lokacin yaƙin basasa, ya yi wa manomi. Maganganunsa sun zama karin magana a bakin mutanen da ko a hoto ba su san shi ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin dakta na girmamawa, ɗalibai kuma har gobe suna rubuta kundi a kan waƙoƙinsa. Zamanin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya, daga shekarun 1960 zuwa na 1980, shi ne tushe.

Malam_Isyaku_Zariya:
Ina tare da DanMusawa, amma da ƙari. Ba mawaƙan kaɗai suka yi aikin ba, rediyo ne ya ɗauke su ya kai su inda ƙafarsu ba ta je ba. Ku dubi Narambaɗa. A fasaha ba na jin akwai wanda ya sha gabansa, amma a fadar Sarkin Gobir na Isa ya yi rayuwarsa, abin da ya iso mana na muryarsa bai kai abin da ya rera ba. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, sai murya ɗaya ta riƙa shiga Sakkwato da Yola da Damagaram a lokaci guda. Mu da muka tashi da Zaɓi Sonka mun san yadda ake aika kati a jira mako da makonni don a ji sunanka da waƙar da ka zaɓa. Kuma da aka koma tuƙi a hannun dama a 1972, da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973, ta bakin mawaƙa saƙon ya isa ƙauye. Mutum bai iya karanta jarida ba, amma ya haddace amshi.

Khalifa_Kd:
Allah ya ƙara girma Baba Isyaku. Amma fa mu da aka haifa bayan 2000, wallahi da yawanmu ba za mu iya kawo baiti uku na Ɗanƙwairo ba. Na san yana kaɗa kalangu yana yi wa sarakuna waƙa, iyakacin abin ke nan.

DanMusawa:
Khalifa ɗana, kotso ne kiɗan Ɗanƙwairo. Kalangu na Shata ne, kuntigi na Ɗanmaraya. Kuma ban ga laifinka ba, laifinmu ne da ba mu zaunar da ku mun jiyar da ku ba.

Tela_SabonGari:
Ku yi haƙuri, duk kun tsallake wani abu. Waƙar Indiya fa? Malam Garba, kai da kake Fagge ai bai kamata a tuna maka ba. Silimar Plaza, Orion, Eldorado, Marhaba, duk daren da aka sa fim ɗin Indiya sai ka ga layi har titi. Na koyi ɗinki a farkon shekarun 1980, maigidana yana da rikoda mai cin batir shida, kuma kaset ɗin Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar ba sa fita daga cikinta. Aikina na farko da safe kafin in taɓa keke shi ne in zura biro a ramin kaset in juya shi baya da hannu, don kada a ci batir. Ba wanda ke jin yaren a cikinmu, amma muna bin waƙar baƙi da wasali.

Abin da nake so ku gane, yaran da suka yi waƙoƙin fim a zamanin fiyano da wannan nonon aka shayar da su. Namiji ya yi baiti mace ta amsa, a bi juna a lambu, a canja kaya sau uku a waƙa ɗaya, daga ina aka samo? Tun kafin fiyano ma Abdu Yaron Goge ya ɗauki karin Indiya ya ɗora a gogensa. Masu bege da mandiri a Kano akwai waɗanda suka riƙa ɗaukar karin waƙar Indiya suna ɗora yabon Annabi (SAW) a kai. Abin da ya shiga har cikin bege, a ce bai fi komai tasiri ba?

Garba_Fagge:
Maigida Tela, na karɓi wannan. Amma Indiya ta shekara talatin ko fiye muna kallon ta, ba ta fitar da mawaƙin Hausa ko ɗaya daga gidan da ba a gaji waƙa ba. Sai da na'urar ta zo.

Hajiya_Uwani:
Sannunku da hira. Tun ɗazu nake karantawa, ban ga wanda ya ambaci mace ba sai Lata, ita ma Ba'indiya. Ku maza kuna tasha da silima, mu muna cikin gida, kuma cikin gida ma akwai waƙa. Ranar suna ko biki, in aka yi la'asar sai a ciko babban baho da ruwa a kifa ƙwarya a kai, a jera wasu a ƙasa, a rufe ƙofar zaure. Namiji ko ɗaya ba ya shiga. Abin da mace ba za ta iya faɗa wa miji ko kishiya ko uwar miji ba, a nan take faɗa, kowa ta ji, kuma ba wadda za ta ce da ita ake. Uwaliya Mai Amada da Barmani Choge su suka fito da wannan daga tsakar gida suka kai shi rediyo da talabijin. Barmani ta yi ta kiran mata su tashi su nemi sana'a tun ba a fara taron wayar da kai a otal ba. Ranar da ta rasu a 2013 na yi kuka kamar yayata ce ta tafi.

Sannan Tela, ina da ja a maganarka. Waƙoƙin fim ɗin nan me ake kiran su? Nanaye. Wannan kalma ba daga Indiya ta zo ba, daga dandali ta fito, amshin 'yan mata ne a waƙar gaɗa da farin wata. Rawa da shiga wataƙila na Indiya ne, amma ku saurari amshin da kyau, za ku ji tafin 'yan matan ƙauye a ƙarƙashinsa.

Tela_SabonGari:
Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, kin yi gaskiya a kan sunan. Ban taɓa lura ba sai yau.

Baban_Nana:
Ni a Kaduna na yi samartaka, kuma gaskiya a wajenmu 'yan makaranta shekarun 1980 ba Shata muke ji ba. Michael Jackson ne da Bob Marley. Faifan Thriller ya fito a 1982, kafin shekara biyu duk wani yaro mai ji da kansa a Tudun Wada yana gwada tafiya da baya a kan siminti, da farar safa da wando ɗangalalle. Bob Marley ya rasu a 1981 amma hotonsa yana jikin kowace bas. A gida kuma akwai Bala Miller da ƙungiyarsa, suna waƙar Hausa da jita da kakaki irin na Turawa, ana nuna su a NTA. Daga baya Funmi Adams ta zo da waƙoƙinta na Hausa, yara duk suka haddace. Su ne suka fara nuna cewa Hausa za ta hau kayan kiɗan zamani ta zauna daram.

Malam_Isyaku_Zariya:
Baban Nana, wannan gaskiya ne amma na 'yan birni ne, birnin ma 'yan boko. Je Giwa ko Soba a 1985 ka tambayi manomi wane ne Michael Jackson. Bala Miller kuwa, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, sai dai bai bar magada da yawa ba, domin riƙe ƙungiya mai mutum goma sha da kayan kiɗa sai mai ƙarfi.

AbbaMaiKiɗa:
Wannan magana ta ƙarshe ta Malam Isyaku ita ce amsar tambayar baki ɗaya, kuma ita ta sa nake bayan Malam Garba. Sana'ata ke nan, na fara zama a situdiyo ina yaro ana aike na sayo kaset. Abin da Bala Miller ke buƙatar mutum goma ya yi, fiyano ɗaya ya yi shi. A cikinsa akwai sautin da in ka iya taɓa shi zai yi kama da kalangu, akwai mai kama da sarewa, akwai mai kama da algaita. Ɗaki ƙarami, an manna katifa a bango don kada ƙarar janareta ta shiga, mawaƙi ya rera maka karin da baki, kai kuma ka nemo shi da yatsa. A farko in mai amshi ta yi kuskure a baiti na ƙarshe, sai a koma tun daga fari.

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara da Turmin Danya a 1990, amma sai wajen fitowar Sangaya kasuwa ta gane cewa waƙa ce ke sayar da fim. Daga nan dillalan kaset a Ƙofar Wambai sai su fara tambayar waƙa nawa ce a ciki kafin su tambayi labarin. Na ga furodusan da ya sayi waƙoƙi uku tukuna, sannan ya nemi marubuci ya ƙirƙiro labarin da zai ɗauke su. Misbahu M. Ahmad, Rabi Mustapha, Sadi Sidi Sharifai, Yakubu Muhammad, muryoyinsu sun shiga kowane gida, ko da yake fuskar jarumi ake gani yana motsa baki.

Da aka dakatar da harkar fim na wani lokaci a Kano a 2007, mawaƙa suka ga ba dole sai da fim ba. Daga nan aka shiga zamanin albam, su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita da Nazifi Asnanic, sunan mawaƙi ya fito fili. Ko Aminu Ala da ya riƙe salon rubutacciyar waƙa mai ƙafiya da ma'auni, a kan fiyano ya ɗora ta. Waƙoƙin siyasar 2015 da suka cika gari, na Rarara da sauransu, duk 'ya'yan ɗakin nan ne mai katifa a bango.

DanMusawa:
Abba, ka yi bayani mai kyau, amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: kuna neman sautin da zai yi kama da kalangu. Wa kuke kwaikwayo ke nan? Kuma waƙar siyasa da ka ambata, kirari da zambo da habaicin da ke cikinta, wa ya shimfiɗa su? Tun zamanin NEPU da NPC ake yin ta.

Bintun_Maradi:
Ina gaida iyaye da yayye. Wanga zance duk na Najeriya kuke yi, mu ma nan Nijar muna da namu tarihi. Mun taso muna jin Shata da Ɗanmaraya kamar ku, rediyon Kaduna na shigo muna sarai. Amma a 1987 gwamnati ta kafa gasar waƙa ta Dan Gourmou, nan ne matasa sunka fito da jita da ganguna suna waƙa da Hausa da Zabarmanci. Sa'adu Bori na nan Maraɗi ya ɗauki kiɗan bori ya haɗa da kayan zamani, har faifansa ya kai Turai. Ke nan mu hanyar ƙungiya munka bi, ku kunka bi hanyar fiyano. Sai dai in faɗi gaskiya, da kaset ɗin fim ɗin Kano ya fara ƙetaro iyaka ta Jibiya, ya rinjayi komi. Fati Nijar ma ai ɗiyar Maraɗi ce, Kano ta tafi sannan duniya ta san ta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda kasuwa ta koma.

Salisu_Nima:
Daga unguwar Nima a Ankara ta ƙasar Gana nake gaishe ku. Mu a zango abin da waƙoƙin fim suka yi mana ya wuce nishaɗi. Hausarmu ta riga ta cakuɗe da Turanci da Tuwi, yaranmu kalmomi da yawa ba su sani ba. Da kaset da CD na Kano suka cika Nima da zangon Kumasi, sai ka ji yarinya tana rera waƙa ta zo tana tambayar kakarta ma'anar kalma. Ƙungiyar mawaƙa ta VIP da ta fito daga Nima ta sa Hausa a waƙoƙinta Gana duka ta ji, mun yi alfahari da su. Amma wanda ya dawo wa yaranmu da Hausar Kano, zamanin da Malam Garba ya faɗa ne.

Khalifa_Kd:
To ni dai bari in kare namu zamanin, ko da ni kaɗai ne. Duk wanda kuka ambata sai da ya bi ta hannun wani: mai gidan rediyo, ko dillalin kaset, ko furodusa. Yanzu yaro a Gombe zai yi waƙa a waya ya ɗora a TikTok, kafin Juma'a ana rawarta a Jidda da Khartum. Ku tuna 2020 lokacin kullen korona, waƙar Hamisu Breaker ɗaya ta sa matan aure suna ɗaukar bidiyo suna yi wa mazajensu rawa, har malamai suka yi magana a kai. Ga 'yan hip hop irin su Classiq da Morell da DJ AB, ga Zafafa Goma a Arewa24. Yarbawa da Inyamurai suna bin waƙar Hausa ba su san ma'anarta ba, kamar yadda Baba Tela ya ce suna yi wa ta Indiya.

Hajiya_Uwani:
Khalifa, yaɗuwa daban, zama daban. Waƙar da kuka yi rawarta bara, wa ke sa ta bana?

AbbaMaiKiɗa:
Kafin TikTok ma akwai zamanin da ba wanda ya ambata, na masu tura waƙa. Rumfa da kwamfuta ɗaya a bakin kasuwa, ka miƙa memori a cika maka shi da waƙa ɗari a kuɗin da bai kai na kaset ɗaya ba, ka je gida ka tura wa abokai ta Bluetooth. Shi ya kashe kasuwar CD. Mawaƙi ya yi suna a ƙasa biyar amma aljihunsa wayam, dole ya koma waƙar biki da ta 'yan siyasa don ya ci abinci.

Jikan_SarkinKiɗa:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, domin maganar ta taɓa ni. Gidanmu gidan kiɗa ne. Kakana makaɗin mahauta ne, mahaifina ya gaje shi, da kalangu ya ciyar da mu ya aurar da yayyena mata huɗu. Ina ɗan shekara goma nake bin sa ina riƙe kuntukuru. In damina ta wuce aka shiga kakar biki, sai mu yi sati ba mu kwana gida ba.

Wata ranar Asabar a 2005 aka gayyace mu biki a wani gari kusa da mu. Mun isa mun tarar an kafa manyan lasifika biyu, wani yaro yana zaune da na'urar CD. Uwar amarya ta fito ta ce Baba ya yi haƙuri ya ɗan kaɗa wa tsofaffi kafin magariba, domin 'yan mata sun ce su waƙar fim suke so. Baba ya kaɗa kamar minti ashirin, tsofaffi biyar suka taka, aka sallame mu. Muna tafiya a hanya muna jin filin ya ɗauka da sowa. Bai ce min komai ba har muka isa gida. Bai daina fita a ranar ba, amma gayyata ta riƙa raguwa, kafin shekara uku ya rataye kalangun a ƙusa ya koma sayar da fata.

Saboda haka Malam Garba, ni na yarda da kai, ba don ina so ba. Zamanin Shata bai hana mahaifina cin abinci ba, ƙara masa daraja ma ya yi. Indiya da Michael Jackson ba su taɓa shiga filin bikinmu ba. Fiyano ne ya shigo har tsakar gida ya karɓi filin.

DanMusawa:
Allah sarki. Allah ya saka wa Baba da alheri, in ya riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansa. Ban canja ra'ayi ba, har yanzu ina nan a kan cewa wanda ake kwaikwayo ya fi mai kwaikwayo. Amma wannan labari ya sa jikina ya yi sanyi.

Garba_Fagge:
Ɗan'uwa Jikan Sarkin Kiɗa, wallahi da na ce ƙofa ta buɗe, ban yi tunanin waɗanda ta rufe a kansu ba. Yanzu kuma maganar Malam Isyaku ta dawo min: in rediyo ne ya ɗaga su Shata, fiyano ya ɗaga 'yan nanaye, waya ta ɗaga su Khalifa, to zamanin mawaƙa muke gardama a kai ko zamanin na'ura?

Malam_Isyaku_Zariya:
Rediyon nan mawaƙa ɗari suka shiga cikinsa, Malam Garba. Guda nawa ake tunawa?

Jikan_SarkinKiɗa:
Na gode Baba DanMusawa, yana nan da ransa, sai dai ƙafa ta yi nauyi. Kalangun ma yana nan a ɗakinsa, tsarkiya biyu sun tsinke.

AbbaMaiKiɗa:
Jikan Sarkin Kiɗa, don Allah duba saƙonka, na turo maka lambata. In Baba zai yarda, ni zan sayi tsarkiyar a gyara, in zo da na'ura har gida in naɗi hannunsa, ko na awa ɗaya ne. Shekara ashirin ina neman sautin nan a fiyano, ban taɓa zama gaban mai shi na naɗa ba.

Jikan_SarkinKiɗa:
Na gani. Zan je gida ranar Juma'a in Allah ya kai mu, zan tambaye shi.